Fistol ɗin da aka shigar kurkukun Carthage: shahada Joseph Smith ya yi, ko yana faɗa ya mutu?

Ranar 27 ga Yuni 1844, wajen ƙarfe biyar na yamma, wasu mutane da aka ƙiyasta sun kai 150 zuwa 200, duk sun shafe fuskokinsu da baƙi don kar a gane su, suka afka wa gidan yarin wani ƙaramin gari da ake ce wa Carthage a jihar Ilinoi ta Amurka, suka hau bene suka kashe mutum biyu da ke tsare a hannun hukuma. Ɗaya Joseph Smith ne, ɗan shekara 38, wanda ya kafa cocin da aka fi sani da Mormon a 1830, ɗayan kuma wansa ne Hyrum Smith ɗan shekara 44. Abun duka bai wuce 'yan mintuna ba, amma gardamar da ya bari har yau ba ta mutu ba, sabida kafin a kashe Joseph sai da ya ɗaga wata ƙaramar bindiga mai baki shida ya yi harbi ta bakin ƙofa ya ji wa mutane rauni.

Mabiyansa suna cewa shahidi ne da ya hatimce shaidarsa da jininsa. Masu adawa da shi kuma, yawancinsu kiristoci ne na wasu ɗariku, suna cewa haba, wane irin shahidi ne zai mutu da bindiga mai hayaƙi a hannu, wannan ai musayar wuta aka yi aka fi ƙarfinsa. Ni dai a nawa ganin duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa fistol ɗin nan nauyin da bai kai ba, kuma inda maganar take da nauyi da gaske yana can baya, kwana 17 kafin ranar.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane me ya sa mutumin da ke kiran kansa annabi yake da runduna tun farko. 'Yan Mormon sun sha kora. A 1832 an fizgo Joseph daga gida da daddare a jihar Ohayo aka shafe shi da kwalta da gashin tsuntsu, a 1833 aka kore su daga gundumar Jackson a jihar Mizuri aka farfasa musu injin buga littattafai. A 1838 abun ya zama yaƙi sosai, gwamnan Mizuri Lilburn Boggs ya sa hannu a wata doka ranar 27 ga Oktoba cewa a ɗauki 'yan Mormon a matsayin abokan gaba, ko a ƙarar da su ko a fitar da su daga jihar, kwana uku bayan nan aka kashe mutum 17 a wani ƙauye mai suna Haun's Mill, har da yara. Wannan dokar fa ba a soke ta a hukumance ba sai 1976. Shi kansa Joseph kotun soja ta yanke a harbe shi a lokacin, wani janar mai suna Alexander Doniphan ne ya ƙi aiwatarwa ya ce wannan kisan gilla ne, daga nan aka jefa shi kurkukun Liberty ya yi hunturun gaba ɗaya a can. Sai dai gaskiya ba su kaɗai aka cuta ba, su ma sun cuci wasu. Mataimakin Joseph, Sidney Rigdon, ya yi wani jawabi mai zafi ranar 4 ga Yuli 1838 yana barazanar yaƙin ƙare dangi ga duk wanda ya sake taɓa su, suna da ƙungiyar asiri mai ɗauke da makamai da ake kira Danites, kuma sun ƙona shaguna da gidajen maƙwabta a garin Gallatin.

Da suka tsallaka Ilinoi sai suka ɗauki darasi ɗaya, ba za su sake zama hannu rabbana ba. Suka gina garin Nauvoo a bakin kogin Misisifi, majalisar jiha ta ba su takardar izinin gari a ƙarshen 1840 mai faɗin gaske, suna da kotunsu, suna da rundunar sa-kai tasu ta mutum dubbai, Joseph ne laftanar janar ɗinta, daga 1842 kuma shi ne magajin gari, shi ne shugaban coci, a 1844 ma ya fito takarar shugaban ƙasa. Garin ya kai wajen mutum 12,000, yana gogayya da Shikago ta wancan lokacin. Kaga maƙwabta dole hankalinsu ya tashi, tunda mutanen nan ƙuri'a ɗaya suke jefawa gaba ɗayansu duk inda aka nuna musu, kuma duk lokacin da aka zo da sammacin kama Joseph sai kotun Nauvoo ta karɓe shi ta duba ta sallame shi.

Wutar kuma daga cikin gida ta tashi. William Law, wanda a da mataimakin Joseph ne a shugabancin coci, shi da ɗan'uwansa Wilson da wasu da suka ɓalle, suka fitar da jarida mai suna Nauvoo Expositor ranar 7 ga Yuni 1844. Fitowa ɗaya tak ta yi. Ta zargi Joseph da auren mata da yawa a ɓoye, da koyar da cewa alloli suna da yawa, da haɗa mulki da addini a hannun mutum ɗaya. Mu a nan auren mace fiye da ɗaya ba abin ɗaga gira ba ne, amma can laifi ne a doka, kuma matsalar ita ce yana yi a asirce yana musantawa a bainar jama'a, cocin da kanta a wani bayani da ta fitar a 2014 ta amince cewa matan sun kai tsakanin 30 zuwa 40, wasunsu ma da mazansu a lokacin. Wato jaridar ba ƙarya zalla ta buga ba. Ranar 10 ga Yuni majalisar gari ta zauna ta ayyana jaridar a matsayin fitina ga jama'a, Joseph a matsayinsa na magajin gari ya ba da umarni, aka je da yamma aka fito da injin kan titi aka farfasa aka watsar da haruffan buga rubutu aka ƙone sauran kwafin. Irin abin da aka yi musu a Mizuri shekara 11 baya, shi suka yi wa wasu.

Daga nan komai ya kwaɓe. Thomas Sharp, editan jaridar garin Warsaw da ke kusa, ya rubuta ƙarara cewa lokacin magana ya wuce, a mayar da martani da albarushi da harsashi. Aka fitar da sammaci kan laifin tada tarzoma, kotun Nauvoo ta sake sallamar Joseph, jama'ar gundumar suka fara taruwa da makamai. Ranar 18 ga Yuni Joseph ya ayyana dokar soja a Nauvoo, ya fito cikin kakin janar ya yi wa rundunarsa jawabi har ya zare takobi. Gwamnan Ilinoi Thomas Ford ya iso Carthage ya aika cewa su zo su miƙa kansu a yi musu shari'a a can, ya kuma yi alkawari da sunansa da sunan jiha cewa ba abin da zai same su.

A nan ne wurin da masu cewa faɗa kawai ya mutu yana yi suke tsallakewa da sauri. Daren 22 ga Yuni Joseph da Hyrum suka tsallake kogi cikin kwale-kwale zuwa ɓangaren Ayowa, sun riga sun kuɓuta, hanyar yamma a buɗe take. Sai saƙo ya biyo su daga gida, matarsa Emma da wasu abokai suna roƙon ya dawo, wasu ma suna cewa makiyayi ya gudu ya bar garke. An ruwaito ya ce in ransa ba shi da daraja a wurin abokansa to ba shi da daraja a wurinsa shi ma, suka juyo. Ranar 24 suka kama hanyar Carthage, tafiyar wajen kilomita 30, a hanya suka gamu da wani kyaftin ɗauke da umarnin gwamna cewa rundunar Nauvoo ta mayar da makaman gwamnati da ke hannunta, Joseph ya sa hannu, ya ma koma gari tare da su don a karɓa ba tare da rikici ba, aka kwashe igwa uku da bindigogi wajen 200. A tafiyar nan ne aka ruwaito ya faɗi maganar da ta fi kowacce shahara, cewa yana tafiya kamar ɗan rago zuwa mayanka amma zuciyarsa a kwance take. Mutumin da ke da dubban mayaƙa, ya ajiye su ya tafi garin maƙiyansa da ƙafarsa bisa alkawarin gwamna, wannan ba ƙaramin abu ba ne ko da kuwa ba ka yarda da ko kalma ɗaya ta da'awarsa ba.

Ranar 25 aka ba da belinsu kan maganar tarzoma, dala 500 kowanne, da sun koma gida a ranar. Sai dai tun da safiyar ranar an riga an sako sabuwar tuhuma ta cin amanar jiha sabida dokar sojan da ya ayyana, ita kuma ƙaramin alƙali ba ya iya ba da belinta. Alƙalin da ya tura su kurkuku, Robert F. Smith, shi ne kuma kyaftin ɗin rundunar sa-kai ta Carthage da ake kira Greys, waɗanda kowa ya san ba sa ƙaunar Joseph ko kaɗan. Ranar 26 gwamna ya zo kurkukun suka yi doguwar magana, ya ce in zai je Nauvoo zai tafi da su. Washegari da safe ya sallami yawancin sojojin sa-kai da suka taru, ya tafi Nauvoo ya bar su a baya, ya kuma bar gadin a hannun su Greys ɗin nan, mutum bakwai ko takwas a ƙofa sauran suna can nesa a dandalin gari.

Ba a cikin ɗakin ƙarfe suke ba, mai gadin gidan yarin ya sa su a ɗakin kwanansa da ke saman bene sabida ya fi iska, ɗaki ne mai gado da tagogi da ƙofar katako wadda ko sakatar kirki ba ta da ita. Baƙi suna shiga suna fita. Da safiyar ranar wani mai suna Cyrus Wheelock ya shigo da fistol mai baki shida a aljihun babbar rigarsa ya ba Joseph, dama akwai wata mai harsashi ɗaya da John Fullmer ya bari, Joseph ya miƙa wa Hyrum ita. Da rana sauran baƙin duk an hana su dawowa, ya rage su huɗu, 'yan'uwan biyu da John Taylor da Willard Richards, waɗannan biyun manyan cocin ne, ba a tsare suke ba, don kansu suka zauna. Ana zafi, jiki duk ya mutu, Taylor ya rera musu waƙar coci, Hyrum ya ce ya sake. Sai hayaniya a ƙasa, 'yan harbe-harbe, sai takun mutane a matakala. Su huɗun suka danne ƙofa da jikinsu. Harsashi ya huda katakon ya sami Hyrum a fuska gefen hanci, ya faɗi da baya yana cewa shikenan na mutu, bai harba tasa ba. A nan ne Joseph ya ɗan buɗe ƙofar ya zura hannu ya danna kunamar sau shida, uku suka tashi uku suka ƙi. Taylor yana tsaye gefen ƙofa da wata ƙatuwar sanda yana kaɗe bakunan bindigogin da ake zurowa ƙasa, Richards shi ma da tasa sandar. Da ya ga ba dama Taylor ya yi wajen taga, aka harbe shi wuri huɗu ya mirgina ƙarƙashin gado, agogon aljihunsa ya fashe ya tsaya a biyar da minti 16. Joseph ya yar da fistol ɗin ya hau tagar, harsasai suka same shi ta ciki da ta waje, ya faɗo ƙasa kusa da rijiya yana cewa ya Ubangiji Allahna. Richards, wanda ya fi kowa jiki a ɗakin, ɗan ƙujewa kawai ya samu a kunne.

To yanzu ga hujjar masu cewa ba shahidi ba ne, kuma ba hujjar banza ba ce in ka tsaya a inda suke tsaye. A al'adar kiristanci ta farko shahidi shi ne irin Istifanus da aka jefe shi yana roƙa wa masu jifansa gafara, kuma Yesu a Linjila ya ce wa Bitrus ya mayar da takobinsa kube. Suna cewa shi Joseph ne da bakinsa ya kwatanta kansa da ɗan rago, kuma ɗan rago ba ya harbi. Suna ƙarawa da cewa yawancin zane-zane da darussan da cocin ta daɗe tana koya wa yara ba sa nuna bindigar, kuma sanarwar mutuwarsa da aka saka a littafinsu na Koyarwa da Alkawura, sashe na 135, ba ta ambace ta ba sam. Wannan gaskiya ne. Abin da ba gaskiya ba shi ne a ce an ɓoye ta gaba ɗaya, Taylor da Richards su ne ma suka ba da labarin harbin da kansu a rubuce, yana cikin tarihin cocin na hukuma, fistol ɗin kuma an nuna shi a gidan tarihinsu a Salt Lake City. Akwai kuma maganar da ake yawan yawo da ita cewa ya kashe mutum biyu, asalinta Taylor ne ya ce ya ji an ce biyu sun mutu, amma mutum ukun da aka san sun ji rauni an tuhume su daga baya da hannu a kisan suka tsere daga gundumar, ba a taɓa gurfanar da su ba.

Ɓangaren Mormon kuma amsarsu ita ce addininsu bai taɓa cewa a tsaya a yanka ka ba. Akwai nassin 1833 da ya umarce su su yi haƙuri har sau uku su guji yaƙi su yi shelar zaman lafiya, akwai kuma bayanin 1835 da ya ce kowa yana da haƙƙin kare kansa da abokansa da dukiyarsa in hukuma ba ta kusa. Kai a safiyar ranar da aka kashe shi ma ya rubuta wa Emma wasiƙa yana cewa wajibi ne a kan kowane mutum ya kare ransa da na iyalinsa in buƙata ta taso, a wasiƙar dai ya ce ya miƙa wuya ga abin da aka ƙaddara masa. Wato shi bai ga karo tsakanin biyun ba. Kuma suna nuna cewa sai da wansa ya faɗi matacce a gabansa sannan ya harba, ga abokai biyu a ɗakin da ba ruwansu da tuhumar.

Bahaushe musulmi in ya ji wannan gardamar zai ɗan yi mamaki, don a wurinmu riƙe makami bai taɓa hana shahada ba, Sayyidina Hamza a fagen fama ya faɗi a Uhudu, Sumayya kuma ba ta riƙe komai ba aka kashe ta, Sayyidina Usman ya hana a yi faɗa dominsa, Sayyidina Husaini ya yi faɗa a Karbala, ga hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko jininsa ko iyalinsa shahidi ne. Ba ina auna Joseph Smith da waɗannan bayin Allah ba ne, musulmi bai yarda da wani annabi bayan Annabi Muhammad (SAW) ba, yawancin kiristoci ma ba su karɓi da'awarsa ba. Abin da nake nufi kawai shi ne sharaɗin nan na dole sai ka mutu hannu sake ba na kowa da kowa ba ne, na wata al'ada ce guda. Ko a cikin kiristancin ma Agustin, babban malaminsu ɗan Arewacin Afirka da ya rasu a shekara ta 430, cewa ya yi ba wahalar da mutum ya sha ke mayar da shi shahidi ba, dalilin da ya sa ya sha ta ne.

In kuwa dalili za a bi, to a nan ne 'yan Mormon suke da tambaya mai wuya a gabansu, ba a kan fistol ba. Don me aka kashe shi? Mutanen da suka hau benen nan ba su zo suna cewa ka bar Littafin Mormon mu ƙyale ka ba, ba wanda ya ba shi zaɓin ya yi ridda ya tsira. Abin da ya kai shi ɗakin shi ne injin jaridar da ya sa aka farfasa da dokar sojan da ya ayyana, abin da ya tunzura maƙwabta kuma tsoron ƙuri'u da runduna da kotun da ba ta taɓa kama shi da laifi ba. Gwamna Ford ya faɗa masa maganar injin jaridar a fuska. Amma kuma ba za ka iya yanke addinin ka ajiye gefe ba, tunda abin da jaridar ta tona koyarwar addininsa ce, taruwar mutanen wuri ɗaya umarnin addini ne, ƙiyayyar kuma ta girmi jaridar da shekara goma sha wani abu. Shi ya sa wanda ya yi imani da shi zai ce saboda saƙonsa aka kashe shi kuma yana da abin kafa hujja, wanda bai yi imani ba zai ce saboda mulkin da ya tara ne shi ma yana da abin kafa hujja, harsashi ukun nan ba su ƙara wa kowannensu komai ba.

Abin da ni ba zan yarda a yi wasa da shi ba shi ne kiran abun musayar wuta, kamar wasu ɓangarori biyu ne suka haɗu a fili. Mutum yana tsare, bai ga alƙalin da zai yi masa shari'ar ba tukuna, gwamna ya ɗauki amanarsa, mutum sama da ɗari suka zo da fuska a shafe, wanda ya shafe fuska kuwa ya san abin da ya zo yi tun daga gida. Ko da Joseph ya aikata duk abin da jaridar ta faɗa har da ƙari, kotu ce wurin maganar, kuma a ranar jiran kotun yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin taron jama'a sun kewaye ofishin 'yan sanda suna cewa a fito musu da mutum ya san irin wannan yammacin. Rundunar Nauvoo kuma ba ta zo ba, ba ta kuma rama ba. Akwai tsohon zance cewa Joseph ya aika wa kwamandanta Jonathan Dunham ya kawo ɗauki, amma takardar da ta ɓulla a shekarun 1980 a matsayin umarnin, ta jabu ce da wani mai suna Mark Hofmann ya ƙirƙira. Abin da yake tabbas shi ne saƙon da Richards ya aika Nauvoo a daren, cewa mutanen Carthage suna tsoron za a kawo musu hari kuma shi ya yi musu alkawarin ba za a kawo ba.

A watan Mayu 1845 aka gurfanar da mutum biyar a Carthage kan kisan Joseph, Thomas Sharp editan nan, da Levi Williams, da Mark Aldrich, da William Grover, da Jacob Davis wanda sanata ne a majalisar jiha. A cikin mutum 12 da aka zaɓa su yanke hukunci babu ɗan Mormon ko ɗaya, aka wanke su duka biyar. Kafin nan ma a watan Janairu majalisar jiha ta riga ta soke takardar izinin garin Nauvoo, daga Fabrairu 1846 Brigham Young, wanda ya gaji Joseph a jagorancin cocin, ya fara ficewa da jama'a zuwa yamma, suka isa kwarin Salt Lake a Yuli 1847, John Taylor da ya tsira a ƙarƙashin gado ya zama shugaban cocin na uku a 1880. Shari'ar kisan Hyrum kuwa, wanda ko harbi bai yi ba, an sa mata rana a watan Yuni 1845, lauyan gwamnati bai zo kotu ba, alƙali ya kori ƙarar.